Ɗaukaka Ƙara Bayan An Hana Sake Hukunci: Nazari a Kan Dokar Kisan Kai a Yayin Babban Laifi a Jihar Kalifoniya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin da fursuna yake shiga a jihar Kalifoniya ta Amurka idan alƙali ya ƙi amincewa da buƙatarsa ta a soke masa hukuncin kisan kai a sake yanke masa wani, a ƙarƙashin sashe na 1172.6 na kundin laifuffukan jihar. Ta bi diddigin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin jihar daga 2015 zuwa 2025. Matsayinta shi ne, kotun ɗaukaka ƙara tana sara wa alƙalin ƙasa fiye da kima a wuraren da shi ma takardu kawai ya karanta, kuma wannan yana rage wa dokar amfanin da aka yi ta dominsa.

Gabatarwa



Hausawa suna cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne. Tsohuwar dokar Kalifoniya ta zarce nan, domin a wurinta abokin ɓarawo mai kisan kai ne, muddin an rasa rai a wurin satar. Idan mutum uku suka fita fashi, ɗaya ya harbe mai kanti, dukansu ukun za a kama da kisan kai mai daraja ta ɗaya, har da wanda ya zauna a mota bai ga abin da ya faru ba. Mai gabatar da ƙara ba ya buƙatar nuna cewa direban ya yi nufin kisa. Niyyar fashin ta wadatar. Hukuncin kuwa ɗaurin shekara 25 ne zuwa rai da rai, idan kuma aka tabbatar da abin da dokar ke kira yanayi na musamman, sai ya koma rai da rai babu sakin talala, ko ma kisa.

Amurka ta gaji wannan ƙa'ida daga Ingila, amma Ingila ta yar da ita tun 1957. Kotun Ƙolin Kanada ta rushe ta a shari'o'in Vaillancourt a 1987 da Martineau a 1990. A cikin Amurka, jihohin Hawai da Kentaki sun soke ta, Kotun Ƙolin Mishigan kuma ta yi hakan a 1980. Galibin sauran jihohin suna riƙe da ita har gobe. Lamarin bai yi mana nisa ba a Nijeriya: dokar fashi da makami ta tarayya ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi fashi tare da mai ɗauke da makami, ko da shi kansa hannunsa wayam. Wannan ya sa na ga ya dace mu san yadda wata jiha ta gyara irin wannan doka, da inda gyaran ya ci tuntuɓe.

Gyaran 2018

A watan Satumban 2018 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a kan ƙudurin majalisar dattawan jihar mai lamba 1437, wanda Sanata Nancy Skinner ta jagoranta. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Daga ranar, ba a kama mutum da kisan kai a yayin babban laifi sai ya faɗa cikin ɗayan rukuni uku: shi ne ya yi kisan da hannunsa, ko ya taimaka wa wanda ya yi da niyyar a kashe, ko ya kasance jigo a cikin laifin kuma ya nuna halin ko-in-kula da ran ɗan Adam. An ware inda wanda aka kashe ɗan sanda ne a bakin aiki kuma wanda ake tuhuma ya sani ko ya kamata ya sani. Nan tsohuwar ƙa'ida ta ci gaba da aiki.

Abin da ya bambanta wannan doka da gyare-gyare da yawa shi ne ta waiwayi baya. Ta ba wa waɗanda suka riga suka shekara a kurkuku hanyar komawa kotun da ta ɗaure su. Sashen ya fara da lamba 1170.95, a 2022 aka mayar da shi 1172.6. Ƙuduri mai lamba 775, wanda ya fara aiki a farkon 2022, ya shigo da waɗanda aka ɗaure da yunƙurin kisa da kisan da bai kai na ganganci ba. Wasu masu gabatar da ƙara na gundumomi sun yi ƙoƙarin kayar da dokar, suna cewa ta saɓa wa abin da jama'a suka zartar da ƙuri'unsu a 1978 da 1990, amma kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da wannan a shari'o'in Gooden da Lamoureux a 2019.

Hanyar tana da mataki biyu. A na farko fursuna zai cike takarda ya bayyana cewa an tuhume shi a kan tsohuwar ƙa'ida, an same shi da laifi ko ya amsa laifi, kuma da a yau ne ba za a iya kama shi da kisan ba. Ana ba mai gabatar da ƙara kwana 60 ya mayar da martani, shi kuma fursuna kwana 30. Idan alƙali ya ga da'awar tana da ƙafafu a zahiri, sai a wuce mataki na biyu, zaman sauraron hujja. A nan nauyi yana wuyan gwamnati: ita za ta tabbatar, ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, cewa mutumin nan yana da laifin kisan kai a ƙarƙashin dokar yau. Babu masu taya alƙali yanke hukunci a wannan zama. Alƙali ɗaya ne yake auna komai. Idan gwamnati ta gaza, za a soke hukuncin kisan a yanke masa na laifin da ya aikata, a lissafa masa shekarun da ya riga ya yi. Fashi mai daraja ta biyu a jihar shekara 2 ne ko 3 ko 5. Wanda ya yi shekara 20 a tsare, cin nasara a wannan zama na nufin komawa gida.

Ana iya hana shi a kowane mataki, kuma matakin da aka hana shi ne yake yanke irin ɗaukaka ƙarar da zai samu.

Idan an kore shi tun daga ƙofa

A shekaru biyu na farko alƙalai da yawa sukan karanta tsohon fayil su kaɗai a ofis su ƙi buƙatar, ba tare da sun naɗa wa fursuna lauya ba. Kotun Ƙolin jihar ta taka wa wannan burki a shari'ar Lewis a watan Yulin 2021. Ta ce da zarar takardar ta cika sharuɗɗa kuma mutum ya nemi lauya, dole a ba shi. Ta kuma ce da gangan majalisa ta sa shingen wannan mataki ƙasa sosai, don haka alƙali ba zai zauna yana auna wa ya faɗi gaskiya wa ya yi ƙarya ba. Sai dai idan fayil ɗin da kansa ya nuna ƙarara cewa doka ba ta shafi mutumin ba.

Duk da haka Lewis ta bar wani ƙulli. Idan alƙali ya hana lauya bisa kuskure, ba a rushe hukuncinsa kai tsaye. Fursuna ne zai nuna cewa da an ba shi lauyan, akwai kyakkyawan zaton da ba a kore shi ba. Ke nan ana neman mutum ya tabbatar da abin da lauyan da bai samu ba zai iya tonowa. Na ɗauki wannan a matsayin nauyin da bai dace a aza wa wanda aka tauye ba.

Babbar muhawarar da ta biyo baya ta shafi ma'anar jigo da halin ko-in-kula. Waɗannan kalmomi sun samo asali daga Kotun Ƙolin Amurka. A shari'ar Enmund a 1982 ta hana a kashe mutumin da ya jira a mota yayin da abokansa suka kashe wasu tsofaffi biyu a Fulorida. A shari'ar Tison a 1987 ta ce ana iya yanke wa jigo mai halin ko-in-kula hukuncin kisa ko da bai harbi kowa ba. A can 'ya'ya ne suka shigar wa mahaifinsu bindigogi kurkukun Arizona suka fito da shi, daga baya aka hallaka mutum huɗu 'yan gida ɗaya waɗanda 'ya'yan suka taimaka aka tsare. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai fili mai faɗi, kuma shekara da shekaru kotunan Kalifoniya suna jefa kusan duk wanda ya shiga fashi da makami a ɓangaren Tison.

Shari'ar Banks a 2015 ce ta canza haka. Lovie Troy Matthews direba ne a fashin wani shagon sayar da wiwi na magani a Los Anjelis a 2008. Ya sauke abokansa ya koma can gefe yana jira, ɗayansu ya harbe mai gadi. An yi masa rai da rai babu saki. Kotun Ƙolin jihar ta ce shi da mutumin shari'ar Enmund duk ɗaya ne, sanin cewa fashi da bindiga yana da haɗari bai isa ba. Ta umarci a riƙa tambaya: wace rawa ya taka wajen shirya laifin, shi ya kawo makamin, yana wurin lokacin harbin, zai iya hanawa, me ya yi bayan an yi harbin? A 2016 shari'ar Clark ta ƙara da tsawon lokacin da laifin ya ɗauka, da sanin halin abokin tafiya, da ko mutum ya yi ƙoƙarin rage haɗari.

To, yaya wanda masu taya alƙali suka same shi da zama jigo tun kafin 2015, lokacin da kalmar take da faɗi? Kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu biyu a kan wannan, fursunoni da yawa aka kora saboda tsohon binciken. A watan Agustan 2022 shari'ar Strong ta raba gardama: binciken da aka yi kafin Banks da Clark ba ya rufe ƙofa, domin lauyan wancan zamani bai san tambayoyin da ya kamata ya yi wa shaidu ba. Shari'ar Curiel a 2023 ta ƙara da cewa ko an taɓa samun mutum da niyyar kisa, wannan kaɗai bai kore shi ba, sai fayil ya tabbatar da dukan ginshiƙan laifin. A 2025 kuma shari'ar Patton ta ɗan ja linzami ta ɗaya ɓangaren: idan bayanan zaman share fage sun nuna mutum shi kaɗai ya yi harbin, cike gurabe a takarda bai isa ba, sai ya kawo wani takamaiman bayani da ya saɓa musu.

A duk waɗannan, kotun sama tana duba lamarin daga tushe, ba ta jingina da ra'ayin alƙalin ƙasa, domin tambaya ce ta doka. Wanda aka kora a matakin farko yana da dama ta gaske. Abin da yake samu idan ya yi nasara dai shi ne a mayar da shi ƙasa a saurare shi.

Idan an saurare shi aka ƙi

Nan ne gizo yake saƙa. Idan an yi zaman sauraron hujja alƙali ya ce gwamnati ta tabbatar da laifi, kotun ɗaukaka ƙara ba ta tambayar ko ita ma ta gamsu. Abin da take tambaya shi ne, ko akwai hujja mai ƙwari da wani alƙali mai hankali zai iya dogara da ita. Tana karanta fayil ta fuskar da ta fi dacewa da hukuncin, duk inda shaida ta yi karo da shaida ta ɗauki wadda ta goyi bayansa.

Dalilin wannan ƙa'ida sananne ne, kuma yana da kyau a inda ya dace. Alƙalin da ya zauna ya ga shaida yana rawar murya, ya ga yadda yake kauce wa tambaya, ya san abin da takarda ba za ta nuna ba. Amma a dubi yadda yawancin zaman sashe na 1172.6 yake gudana. Laifin ya faru shekara 15 ko 25 da suka wuce. Sau da yawa alƙalin farko ya yi ritaya ko ya rasu. Shaidu sun watse. Mai gabatar da ƙara ya ajiye kwalayen rubutattun bayanan tsohuwar shari'a a gaban sabon alƙali, lauyoyi suka yi muhawara, aka tashi. Alƙalin nan bai ga fuskar shaida ko ɗaya ba. Shafukan da ya karanta su ne alƙalai uku na kotun sama za su karanta. Ban ga abin da ya fi su da shi ba da har za a ce idonsa ya fi nasu.

An kawo wannan hujja a shari'ar Clements a 2022, aka kafa ta da shari'ar Vivar ta 2021, inda Kotun Ƙoli ta yarda da duba mai zaman kansa a wata irin buƙata da aka yanke bisa takardu zalla. Kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi, ta ce tambayar laifi a nan ta abin da ya faru ce, don haka a bar wa alƙalin ƙasa. Sauran kotuna suka bi sahu. A ganina an yi kuskure. Ko mutum ya nuna halin ko-in-kula ba abu ne da ake gani kamar launin mota ba. Hukunci ne da ake ginawa ta hanyar ɗora ma'aunan Banks da Clark a kan abin da ya faru, kuma wannan aikin doka ne tsantsa.

Akwai ƙarin matsala. Tsohuwar shari'ar an yi ta ne lokacin da babu wanda ya damu da ko direba ya san akwai bindiga, tun da amsar ba ta canza komai. Lauya bai tambaya ba, shaida bai faɗa ba. Yau ana cike wannan giɓi da zato, kotun sama kuma ƙa'idarta ta tilasta mata karɓar duk zaton da ya goyi bayan hukunci. Sannan kotuna, tun daga shari'ar Myles a 2021, sun yarda a yi amfani da abin da fursuna ya faɗa a gaban hukumar sakin talala. Kowa ya san abin da wannan hukuma take son ji: mutum ya ɗauki alhaki, ya nuna nadama, kada ya rage wa kansa laifi. Wanda ya ce jinin yana wuyansa domin a ga ya tuba, sai a ɗauko maganar bayan shekaru a ce ya amsa da bakinsa.

Shari'ar Emanuel, wadda aka yanke a watan Yunin 2025, ta nuna illar wannan tsari da kuma maganinsa. A 2012 Louis Emanuel da wani abokinsa suka shirya ƙwace wiwi daga hannun wani matashi a wani wurin shaƙatawa a San Jose, da rana tsaka. Emanuel bai riƙe makami ba, kuma babu hujjar cewa ya san abokin yana da bindiga. Da matashin ya ƙi sakin kayan, Emanuel ya ce wa abokin su tafi, ya juya ya fara tafiya. Abokin ya yi harbi. Alƙalin ƙasa ya ƙi buƙatarsa, yana ganin da ya so da ya yi abin da ya fi haka don hana kisan. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Kotun Ƙoli ta rushe, ta ce rashin hana abin da ya faru cikin ƙiftawa da bismilla bai kai halin ko-in-kula ba, ta ba da umarnin a soke hukuncin kisan. Abin lura shi ne ta yi haka ne da ma'aunin hujja mai ƙwari ɗin nan, wanda ke nuna ma'aunin yana da haƙora idan an so. Amma kotuna biyu sun riga sun wuce da kuskuren, kuma Kotun Ƙoli kaɗan take zaɓa daga cikin ƙararrakin da ake kai mata.

Fursuna da takardar kwana 30

Ta fuskar tsari, kwana 60 ne kacal daga ranar hukunci don shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara, kuma a kotun ƙasa ake shigar da ita. Ga wanda ke tsare, ana ƙirga ranar da ya miƙa takardar ga jami'an kurkuku. Marar hali ana naɗa masa lauya. Duk ƙorafin da lauyan ƙasa bai ɗaga a zaman ba yana iya salwanta, ciki har da batun ƙuruciya, wanda kotuna tun 2021 suka yarda yana da tasiri wajen auna ko yaro ya fahimci haɗarin da ya shiga.

Abin da ya fi damuna shi ne shari'ar Delgadillo ta Disambar 2022. A ɗaukaka ƙara ta farko bayan an ɗaure mutum, idan lauyansa ya ce bai ga abin ƙorafi ba, dole kotu ta karanta fayil gaba ɗaya da kanta, bisa ƙa'idar shari'ar Wende ta 1979. Delgadillo ta ce wannan kariya ba wajibi ba ce a nan. Lauya zai sanar da kotu, a aika wa fursuna takarda cewa yana da kwana 30 ya rubuto nasa bayanin. Idan ya rubuto, kotu za ta amsa abin da ya kawo. Idan bai rubuto ba, tana iya korar ƙarar a matsayin wadda aka yi watsi da ita. An bar wa kotu zaɓin ta duba fayil idan ta ga dama.

A yi tunanin wanda wannan takarda take isa hannunsa. Mutum ne da wataƙila bai gama sakandare ba, wataƙila Ingilishi ba harshensa ba ne, wasiƙa tana bi ta hannun jami'ai kafin ta same shi, ɗakin karatun shari'a kuma sai an ba shi lokaci. Ana so cikin wata ɗaya ya gano abin da lauya bai gano ba, a fagen da dokarsa take sauyawa kusan kowace shekara. Hujjar da aka ɗauka ba ta da tushe a farkon 2022 ita ce ta zama doka a shari'ar Strong bayan 'yan watanni. A Delgadillo ɗin kanta, Kotun Ƙoli ta ga sanarwar da aka aika wa mutumin ba ta fito da haɗarin sarai ba, sai ta karanta fayil ɗin da kanta, ta tabbatar shi ne ya tuƙa motar da ta yi kisan, doka ba ta shafe shi ba. Aikin bai gagare ta ba.

Ban manta da iyalan waɗanda aka kashe ba. Kowane sabon zama yana tayar musu da miki, kuma suna da haƙƙin a kai ƙarshen magana. Kotuna ma aiki ya yi musu yawa, kuma gaskiya ne akwai masu shigar da buƙata alhali su ne suka ja kunamar bindiga. Sai dai fayil ɗin irin waɗannan gajere ne, karanta shi ba ya cin rana. Wanda kuma majalisa ta ce ba mai kisan kai ba ne, ci gaba da tsare shi ba ya ƙara wa mamaci adalci.

Kammalawa

Abu biyu nake ganin ya wajaba a gyara, kuma majalisar jihar tana da ikon yin duka biyun, kamar yadda ta yi a ƙuduri na 775 lokacin da kotuna suka karkace wajen ma'aunin hujja. A duk inda alƙalin ƙasa ya yanke hukunci bisa tsofaffin takardu kawai, kotun ɗaukaka ƙara ta auna ma'aunan Banks da Clark da kanta daga tushe. Sannan a mayar da karanta fayil wajibi ga kotu a duk ƙarar da ta biyo bayan zaman sauraron hujja, ko lauya ya ga abin ƙorafi ko bai gani ba. Ga abokan aikinmu lauyoyi da malaman shari'a a Nijeriya, ina kira da mu buɗe muhawara a kan sashen dokar fashi da makami da ke daidaita mai bindiga da wanda ya rako shi, kuma duk gyaran da za a nema ya zo da hanyar komawa kotu da cikakkiyar damar ɗaukaka ƙara ga waɗanda suka riga suna jiran hukuncin kisa.